Karen da Ba Mu da Shi

Laifina ne tun farko, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Lokacin da nake yin booking, wato kama mana wuri a filin da za mu yi hutu, taswirar filin ta fito a waya an raba ta gida biyu. Gefe ɗaya babu komai, ɗaya gefen kuma an yi masa wani ɗan zane, ɗigo huɗu a sama da dunƙule ɗaya a ƙasa. Na kalle shi na ce fure ne. Har na yaba wa kaina, na ce Umma tana son furanni, bari in zaɓa mata gefen lambu. Ashe tafin kare ne. Da yatsana na kai iyayena gefen da aka ware wa masu karnuka, na kuma ce musu su shirya ganin abin mamaki.

Wata biyu na yi ina roƙo kafin a yarda da tafiyar. Duk hutu abu ɗaya muke yi, mu tashi daga Edmonton mu sauka gidan Kawu a Lewisham, duk gari ɗaya a nan Ingila, manya su zauna a falo suna gyara Najeriya daga kan kujera, ni ina kai shayi ina dawo da kofuna. Na ce wannan karon mu yi hayar campervan, motar nan mai gado da kicin da ɗan banɗaki a ciki, mu je mu kwana a fili. Baba likita ne, ya shafe makonni yana aikin dare har jikinsa ya juye, da rana barci yake zuwar masa. Ya ce shi ba kogi yake nema ba, ba iska ba, abin da yake so kawai ya rufe ido bayan azahar ya buɗe da la'asar babu wanda ya tashe shi.

"Kwana uku na ba ka," in ji shi. "In na yi barci, baɗi mu ja motar har bakin teku. In ban yi ba, kada ka ƙara kawo mini maganar mota mai gado."

Na ce na amince. Ya ƙara da cewa kada wurin ya yi nisa, ko asibiti za su neme shi. Shi ya sa balaguron namu ya ƙare a bakin kogin Lea, minti ashirin daga ƙofar gidanmu. Hakan bai hana Umma yin guzuri kamar za mu ƙetare hamada ba. Tukwane uku, kuloli, buta biyu, yaji a gwangwanin madara, da dambun nama wanda zai ciyar da jirgin alhazai guda.

Ranar Laraba da hantsi muka shiga. Baba bai gama kashe inji ba na fara ganin wutsiyoyi. Na ƙirga karnuka tara, da na koma makaranta na ce arba'in ne. Umma ta leƙa ta taga ta dama, ta leƙa ta hagu, sannan ta juyo ta tambaye ni a hankali ina furannin. Baba ya je ofis ya roƙi a sauya mana wuri, aka ce ɗaya gefen ya cika, lokacin hutu ne.

Ba zan yi wa karnuka takwas ƙarya ba, masu tarbiyya ne. Matar da ke gabanmu tana da wani dogon kare siriri, kamar da biro aka zana shi. Tun da safe take fita da shi yawo sai ya gaji liƙis, in sun dawo ta ja labulen motarta don kada ya ga masu wucewa, ta ba shi ƙashi ya kwanta yana gwagwiya. Ranar farko da ta ga Umma ta shimfiɗa darduma a kan ciyawa, ba wanda ya ce mata komai ta naɗe igiyarsa ta matsar da shi baya. Sauran ma in za su fita da karnukansu suke tafiya.

Na taran shi ne makwabcinmu na hagu. Maigidansa wani jan mutum ne mai gajeren wando, ya zo kamun kifi. Karen bai fi butar Umma girma ba, amma muryarsa injin markaɗe ce da aka jefa wa cokali. Mutumin yana da tsari. Da tsakar rana ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa a kujerar naɗewa da hula a fuska, sannan ya kafa ƙarfe a ƙasa, ya ɗaure karen a jiki, ya saɓi sandar kamun kifi ya nufi kogi. Ba ya dawowa sai la'asar. Ƙarfen nan kuwa daidai ƙarƙashin tagar Baba yake kafa shi, kamar ya zo da ma'auni.

Da zarar bayan maigidansa ya ɓace sai karen ya buɗe baki. Ya yi wa buta haushi. Ya yi wa mayafin Umma da ke shanye haushi. Ganye ya faɗo ya yi masa, agwagwa ta wuce a sama ya yi mata, in kuma babu komai sai ya yi wa shirun haushi. Ban taɓa ganin ya ja numfashi ba. Ina kyautata zaton ta kunne yake shaƙar iska.

Da yamma Baba ya je ya same shi. Baba in zai yi ƙorafi da Turanci sai ya fara ba da haƙuri sau uku, har ka rasa wa aka yi wa laifi. Mutumin ya yi dariya ya ce ai gaisuwa ce ɗan abin nasa yake yi, kuma shi bai taɓa jin yana haushi ba. Abin takaicin, gaskiya ya faɗa. In yana nan karen yana zaune shiru ne a ƙafarsa, ido lumshe, kai ka ce lazimi yake.

Washegari Umma ta ce a bar mata. Ita a wajenta ba a zama kusa da mutum ba a aika masa da abinci ba, ko a ina ne, kuma duk wanda ya ci abincin gidanka dole ya ji nauyinka. Haka ta gyara makwabtanmu na flat ɗin sama da suke jan kujeru. Ta dafa farar shinkafa ta barbaɗe ta da dambun nama, ta zuba a kular baƙi, wadda ta taho da ita daga Kano, mai bakin zinariya, wadda ni ko marfinta ba a yarda in taɓa ba sai in an aike ni. Na kai da hannu biyu. Mutumin ya yi ta godiya har ya dafa ƙirji.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga shi da kansa da kular, tana ƙyalli. Umma ta faɗaɗa murmushi ta tambaye shi ko ya ji daɗi. Ya ce ƙwarai, cokali biyu ya yi yaji ya kama masa harshe, amma kada ta damu, ko ƙwaya ɗaya ba ta tafi a banza ba. Ya ajiye wa karen kular a ƙasa, ya cinye, ya lashe ta tas, ko wanki ba ta buƙata.

Umma ba ta miƙa hannu ba. Ta buɗe leda ta ce ya saka a ciki, ta yi masa godiya da muryar da take karanta wasiƙar council, hukumar unguwarmu. Yana juya baya ta miƙo mini ledar.

"Wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Tun da kai ka kawo mu lambu."

Famfon wanke-wanke guda ne a tsakiyar filin, kowa nan yake zuwa. Na tsuguna ina wanke kwanon da ke ƙyalli, ina ƙirgawa a fili don Umma tana kallo daga nesa, Turawa huɗu sun yi layi a bayana da farantansu. Da na zo kan ƙasa, na tona gefen ciyawa na damƙo laka na shafe kular da ita ciki da waje. Duk layin ya zuba mini ido. Wata yarinya ta tambayi uwarta ko ina lafiya. A daidai lokacin mutumin ya zo wucewa da karen a hammata, ya tsaya ya ce in sabulu ne ya ƙare mana yana da shi, kada in ji kunya. Na ɗaga kai. Karen ya dube ni cikin ido, ya zaro harshe ya lashi baki.

A nan na ƙulla su a raina, su biyun.

Bayan azahar aka kafa ƙarfe kamar kullum. Dambun Umma ya ƙara wa muryar ƙarfi, yanzu har gilashin taga yana amsawa. Baba ya ɗora filo a kai, ya ƙara na biyu, ya toshe kunne da auduga. Bayan awa ɗaya ya fito ya zauna a kujera da jajayen idanu. Kwana biyu sun tafi ke nan. Ina kallonsa ina ganin teku tana ja da baya. Na sulale na ajiye wayata a bayan taya, na naɗi haushin minti goma sha biyu cif.

Mai hankali zai ɗauki wannan ya kai ofis, ko ya jira mutumin ya dawo ya kunna masa cikin ladabi ya ce ga gaisuwar. Na yi wannan tunanin, wallahi na yi. Na juya shi, na ga babu daɗi a cikinsa ko kaɗan, na ajiye shi gefe. Ni abin da nake so shi ne mutumin ya rufe ido, barci ya fara ɗibarsa, a fizge shi. Sau ɗaya bai ishe ni ba.

Ranar Juma'a komai ya zo mini a faranti. Baba ya sa farar shadda zai hau bas zuwa masallacinmu. Umma ta ce za ta bi shi, ta leƙa gida ta yi wanka a banɗakinta na mutunci ta ɗauko wata kula. Ni na dafe ciki na ce tun safe yake murɗa mini. Baba ya danna nan ya danna can, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in sha ruwa in kwanta.

Suna fita na ɗauko sifikar da Umma ke jin wa'azi da ita a kicin. Na ja duk labulayen motar, na buɗe tagar hagu kaɗan, na jingina sifikar a baki, na haɗa ta da haushin da na naɗa a waya, na murɗa ta har ƙarshe. Sannan na kwanta rub da ciki a gadon Baba ina leƙe ta gefen labule. Mutumin ya gama cin abinci, ya miƙe ƙafa, ya ɗora hula a fuska, karen ya naɗe a kan tumbinsa. Na jira har tumbin ya fara hawa da sauka a hankali. Na danna.

Mutumin ya yi sama, kujerar ta naɗe da shi kamar littafi. Hula ta yi gabas, karen ya yi yamma. Da karen ya diro sai ya ji wani kare marar kunya yana zaginsa da muryarsa, ya fara ramawa, yana zagaye ƙarfensa yana neman abokin faɗa. Na cusa filo a baki don dariya. Bayan minti ɗaya na kashe. Mutumin ya waiga ko'ina, ya buɗe kujera, ya rarrashi karen, ya mayar da hula. Na ƙirga ɗari a zuci, na ba shi lokaci ya yarda da duniya, na sake dannawa.

Sau biyar na yi masa. Na farko na Laraba, na biyu na Alhamis, na uku na kula, na huɗu na laka, na biyar kyauta. Ban taɓa cin abin da ya kai wannan daɗi ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne sauran takwas ɗin. A karo na uku suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya, a na biyar filin gaba ɗaya ya ɗauka, har karnukan da ke yawo a bakin kogi suna aiko da nasu. Na hango matar nan durƙushe ta rungume siririn karenta, yana karkarwa yana wani kuka mai tsawo. Tausayinsa ya ɗan kama ni. Na kashe sifikar da niyyar na gama.

Sai na ji ana buga ƙofa.

Na yi lamo. Aka sake bugawa. Muryoyi suka taru a waje, ina jin su sarai. Wani ya ce daga cikin motar nan ne, ya tsaya a nan ya ji. Wata ta ce an kulle dabba a mota cikin wannan rana, labule a rufe, kuma yanzu ta yi shiru, wataƙila ta suma. Wani ya ce a fasa taga. Na ja bargo na rufe har kai, ina roƙon ƙasa ta buɗe.

Ana cikin haka na ji muryar Baba yana tambayar ko lafiya. Na leƙa. Ga shi da shaddarsa da hula, ga Umma da sabuwar kula a hannu, ga kuma wani Alhaji na masallacinmu, mutumin Gana, direban bas, wanda ya rage musu hanya don yana son ya ga mota mai gado da idonsa. Alhajin nan mutumin kirki ne, amma labarin da ya shiga kunnensa da azahar kafin magariba ya isa Camberwell, can ɗaya ƙarshen gari.

Mai kula da filin, wata mata mai koriyar riga da takarda a hannu, ta ce wa Baba a booking ɗinsa bai rubuta yana da kare ba, doka ce a rubuta, kuma kulle kare a mota a irin wannan zafi zalunci ne. Makwabcinmu ne ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce awa guda ya kasa runtsawa, wasu mutane ba su san akwai wasu a duniya ba. Baba ya ce shi ba shi da kare, bai taɓa yi ba, mahaifinsa ma bai yi ba. Matar ta ce mutum shida sun ji. Baba ya fara rantsuwa da Turanci yana ƙarasawa da Hausa.

Alhaji ya matso ya kama masa hannun riga.

"Dokta, in kana da shi ka faɗa kawai. Nan Ingila ne, ba wanda zai ji a bakina." Ya rage murya. "Hajiya ya sani?"

Hajiya ta sani. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta ajiye kula a ƙasa ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa ɗaya.

"Buɗe, mai ciwon ciki."

Na buɗe. Mai koriyar riga ta shiga ta duba ƙarƙashin gado, ta duba banɗaki, har firji ta buɗe. Umma kuwa kai tsaye ta nufi taga ta fito da sifikarta, ta riƙe ta a gaban jama'a ta ce in kunna abin da na sa mata. Na kunna. Haushin ya fito, karen da ke hammatar maigidansa ya amsa nan take, murya ɗaya, kiɗa ɗaya, ba ka iya raba su.

Na yi bayani kaina a ƙasa, na ce jiya ne bayan azahar, karensa ne, haka yake yi kullum in an ɗaure shi an tafi, kuma ƙarƙashin tagar nan mahaifina yake ƙoƙarin barci. Mutumin ya ƙara ja a kan jan da yake da shi, ya ce ai kowane kare zai iya zama. Sai matar mai siririn kare ta ce nasa ne, tun Litinin take ji, da ma ya kamata ta yi magana. Wasu biyu suka gyaɗa kai. Mai koriyar riga ta ce masa daga yau ba a ɗaure kare a tafi a bar shi, ko ya tafi da shi ko ya zauna da shi. Ya ce yana kore masa kifi. Ta ce wannan tsakaninsa da kifin ne.

Na ji kamar in hau rufin mota in yi rawa. Daɗin bai wuce numfashi uku ba, don ta juyo kan Baba ta ce sifika ma akwai dokarta, wannan gargaɗi ne, in an sake sai mu tafi.

Baba ya kama ni a wuyan hannu muka bi motocin ɗaya bayan ɗaya, kowace ƙofa in tsaya in ba da haƙuri. Har da makwabcin. Na faɗa masa kalmar da baki, cikina yana faɗar wata daban, shi ma ya karɓa yana kallon gefe. A ƙofar matar nan ne kawai abin ya fito mini daga zuciya, don karen nata har lokacin yana ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa. Ta ce ba komai, tsoho ne, hayaniya tana firgita shi, amma da na kawo mata wayar jiya da ta raka ni ofis.

Da muka dawo Alhaji ya gama zagaye motar, ya danna katifa, ya yaba, ya yi sallama da sauri irin na mai kaya a baki. Baba ya ce a haɗa tukwane. Na ce Baba ai yanzu an gyara, gobe ba za a ji ko tari ba, saura yini guda, zai yi barcin da bai taɓa yi ba. Na ce ai dabarata ce ma ta kawo gyaran. Umma ta rufe ido da ta ji wannan.

"Karen ya hana ni barci," in ji Baba. "Amma ba shi ya tsayar da ni gaban mutane da rigar Juma'a ina rantsuwa ba. Kuma ba shi ya yi mini ƙaryar ciwo don ya guje wa salla ba."

Na je na naɗe darduma. Muna fita daga filin na hango makwabcin ya nufi kogi, sanda a kafaɗa, karen a hammata, shiru kamar ba shi ba.

Kafin la'asar muna gida, da saura kwana ɗaya a booking ɗinmu. Baba ya yi barcinsa a ɗakinsa har washegari da hantsi. Ba mu je teku ba, kuma ba mu ƙara hayar mota mai gado ba.